Shekarar da Jirginmu Ya Daina Yoyo

A wajen sunan jikana, ɗan Hassi, na ji maganar da ta sa na zauna rubuta wannan. Ina bayan zana ina alwala, matan gida ba su san ina wurin ba, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku 'ya'yana, ba zan faɗi suna ba tunda ta san kanta, tana ba wata baƙuwa labari wai Baffa Ummaru faɗa suka yi da Baba a kan jirgi, Baba ya kore shi, shi ya sa ya je ya rasu a Yawuri. Na tsaya da buta a hannu har ruwan ya tsiyaye. Ashe abin da kuka tashi da shi ke nan! To ku buɗe kunnuwanku. Ban kori yayana ba, kuma tun da muka tashi ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba, in ban da rigimar ƙuruciya a kan kan kifi. Da faɗa muka yi, da abin ya zo mini da sauƙi, don faɗa ana shirya shi.

Kun san fito ne sana'ar gidanmu. Ƙauyenmu yana bakin gulbi, ƙasa da madatsar Goronyo, ba nisa da Taloka, kuma rabin gonakin mutanen yankin suna wancan ƙetaren. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana jirgin katako guda, da Inna, da mashigin da kowa ya san namu ne. Tun yana raye aikin ya rabu da kansa: ni ke tuƙi, Yaya Ummaru ke gyara. Ni mai son hayaniya ne, ina son cacar baki da mata masu tallar nono da manoman albasa masu rantsuwa cewa buhunsu ba shi da nauyi. Shi kuwa Yaya bai iya wannan ba. In ka ba shi gizago da guduma da gwangwanin ƙusa, ka gama masa komai, sai ya wuni bai ce uffan ba, in ban da da jirgin. Da jirgin kam yana hira. Gwaggo yake ce masa, wai don kullum da ƙorafin da yake tashi da shi, yau haƙarƙari, gobe ciki, kuma ba ya jin daɗi sai an zo an duba shi. Matar Yaya ta rasu da wuri, 'ya'yansa mata biyu sun yi aure, saboda haka a gidan nan abu biyu ne suka riƙe shi, Inna da Gwaggo.

Ku da kuka tashi da jirgin da ba ya yoyo ba za ku gane irin bautar jirgin katako ba. Kowace safiya sai an yashe ruwan da ya kwana a ciki da ƙwarya. In ka bar shi a tudu rana ta tsaga shi, in ka bar shi a ruwa ya ruɓe daga ƙasa, in ka jingine shi a gaɓa gara ta yi masa sallama. Sau ɗaya a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, mukan fito da shi gaba ɗaya, mu kife shi a kan guma-gumai. Wannan shi ne lokacin Yaya. Tun ana saura kwanaki Inna za ta fara bin gidaje tana karɓar tsofaffin zannuwa, ita da uwarku A'i su zauna a inuwar zaure suna yayyaga su siri-siri. Yaya zai hura wuta a gaɓa, ya ɗora rabin garwa, ya narka kwalta. Zai bi jirgin daga kai zuwa gindi yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, kunnensa a jikin katako, inda ya ji sautin ya mutu sai ya yi alama da gawayi. Katakon da ya ruɓe a cire, a sassaƙa wani. Tsakanin katako da katako a cusa tsumma a danna, a zuba kwalta mai zafi, a rufe da gwangwanin da aka buɗe aka daddale, a bi da ƙananan ƙusoshi a jere kamar ɗinkin hula. Maƙwabta su taru, wasu don taimako, mafi yawa don tuwon shinkafar Inna. Har yau in na wuce inda ake gyaran titi na shaƙi warin kwalta, sai in ji yunwa da kewa sun taso mini tare.

Abin da daɗi, amma yana cin mu. Ba na ɓoye muku wannan, don kada ku ɗauka jin daɗi ne ya sa muka canja. Itacen maɗacin da mahaifinmu ke samu a kusa ya ƙare, sai katakon da ake kawowa daga kudu, ɗanye, mai kyan gani, wanda damina biyu ke gamawa da shi. Kwalta ta yi tsada, ƙusa ta yi tsada kuma ta lalace, tun ba a je ko'ina ba ta yi tsatsa. Tun da aka yi madatsa kuma ake sako ruwa da rani don masu noman fadama, gulbi bai cika ƙafewa ba, jirgi ba shi da hutu, ga shi duk ranar da yake kife a gaɓa ranar ba mu da ko kwabo. Abin da muka tara a kakar albasa, gyara ke lashe shi. Ita albasa kuma ba ta shiri da danshi. Buhu ya jiƙe daga ƙasa, kafin a kai kasuwa ya fara wari, mai shi ya dawo ya tsaya a kaina yana yi mini wa'azi.

A shekarar da nake ba ku labari, wasu masunta a bakin madatsa suka samo jirgin faiba. Mu dai roba muke ce masa. Labarinsa ya cika gari: ba ya ruɓa, gara ba ta cinsa, ba shi da haɗi balle ya yi yoyo, mutum huɗu sa ɗaga shi. Ni na fara zuwa na gani, na dawo na kasa cewa komai, don na san abin da maganar take nufi ga Yaya. Shi da kansa ya ce in raka shi. Muka hau mashin muka je. Ya zagaya jirgin, ya shafa cikinsa, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa, sannan ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa yadda ya saba, nan da can, kai da gindi. Ya daɗe yana yi kafin ya miƙe.

"Ko'ina magana guda shika yi," in ji shi. "Wanga ba shi da ciwo, Garba."

Na ce, "Yaya, kallo dai munka zaka yi."

"Kallon mi? Ɗiyanka na tasowa, Gwaggo na cinye abincinsu. Mu sai irin wanga."

Ku riƙe wannan da kyau, ku gaya wa waccan mai ba da labari: shi ya ce a saya. Da muka kawo wa Inna maganar, tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Kun san ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce mini wanka, wato yayanka.

"Wanka ya yarda?"

"Shi yak kawo shawara, Inna."

"To shi mi za shi yi in an sawo?"

Yaya ya yi dariya ya ce zai huta, ai ya gaji da hayaƙin kwalta. Inna ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ni a lokacin ban ba tambayarta muhimmanci ba, hankalina yana kan yadda za a haɗa kuɗin. Muka sayar da shanun noma biyu, muka sayar da Gwaggo ga wani masunci daga wajen Rabah, aka kawo mana sabon jirgi a bayan mota, fari da shuɗi, yara na binsa da gudu.

Gaskiya jirgin nan ya cika alkawari. Wanda ya kawo shi ya gaya mana ƙa'idojinsa, kuma ba su da yawa. Kada a ja shi a kan tsakuwa, sai muka jera tsofaffin tayoyi a mashigi. Kada a bar shi ya yi ta gasuwa a rana in ba ya aiki, sai muka kafa masa rumfa. A wanke shi, a kife shi in za a daɗe ba a shiga ba. Shi ke nan. Na tashi da safe na tarar da cikinsa a bushe, har na rasa abin da zan yi da ƙwaryar yasa. Ba shi da nauyi, ina kai lodi in dawo kafin a ɗaure wani, albasa tana isa ƙetare a bushe, manoma suka daina yi mini wa'azi suka koma roƙon ragi. A shekarar ce uwarku ta fara ganin canji a tukunya. Yaya shi ya kafa rumfar, shi ya jera tayoyin, ya gama duka a wuni biyu ko uku. Daga nan sai zama. Zai zo gaɓa da safe da jakar kayan aikinsa, don hannunsa ya saba ɗaukarta, ya ajiye ta gefe, ya zauna a inuwa yana kallona ina kai da kawowa. Ya gwada tuƙi, mata suka dame shi da ciniki, ya bar musu kuɗin fiton ya dawo. Ya gyara duk ƙofofin gida, har waɗanda lafiyarsu ƙalau. Da kaka ta zo, Inna ta fara tara tsumma bisa sabo, sai da ta cika kwando sannan ta tuna, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi na ɗauko lodin albasa, ruwa ya ja baya fiye da yadda na zata, na hau kan wani kututture da ke ɓoye. Na ji ƙas a ƙarƙashin ƙafata. Da muka sauke kaya muka kife jirgin, sai ga tsaga kamar tsawon tafin hannu. Raina ya ɓaci. Na waiwaya in gaya wa Yaya, sai na ga abin da ban gani ba tun da aka kawo jirgin: fuskarsa ta washe. Yana ƙoƙarin ɓoyewa, yana cewa subhanallahi, amma hannunsa har ya kai ga jaka.

"Tahi ka ci abinci," ya ce mini. "Bar min shi. Kahin la'asar ka iske shi lahiya lau."

Wanda ya sayar mana ya ce in ya fashe a nemo masu gyaran faiba. Na tuna da wannan sarai. Amma masu gyaran suna Sakkwato, ga kakar albasa, ga Yaya da bai taɓa taɓa jirgi ya ƙi jin magani ba. Ni ma a raina jirgi jirgi ne. Duk wanda ke gaɓar nan ranar, da dattawa da masunta, babu wanda ya ga aibin abin. Inna ta jawo kwandonta daga ƙarƙashin gado. Aka hura wuta, warin kwalta ya tashi, maƙwabta suka fara leƙowa suna tsokanar Yaya wai amarya ta fara ƙorafi irin na Gwaggo. Ya cusa tsumma a tsagar, ya zuba kwalta, ya daddale gwangwani ya rufe, ya bi shi da ƙusoshi a jere. Ban taɓa ganin facin da ya kai wannan kyau ba. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa da jirgin, yana lallashinsa.

Abin da ba mu sani ba, katako yana riƙe ƙusa, yana kumbura a ruwa ya matse ta. Faiba ba ta yin haka. Kowace ƙusa da ya buga ta buɗe tata ƙaramar tsaga, siririya, ido ba ya gani. Washegari na ɗauki mata masu zuwa kasuwa da buhunan albasa. Muna tsakiyar gulbi na ji sanyi a tafin ƙafata. Kafin in ce a miƙo ƙwarya, facin ya ɗaga gaba ɗaya, ruwa yana bulbulowa. Mata suka sa salati. Allah ya taimake mu ruwan rani ne, na danna gora da duk ƙarfina muka kai inda ƙafa ke taɓa ƙasa, aka diro ana jan juna. Ba a rasa rai ba, ko ƙwarzane babu wanda ya yi, albasa ce dai ta tafi. Da na ɗaga kai, Yaya yana cikin ruwa har ƙirji, ya taho daga gaɓa da rigarsa, yana ɗauke da jaririn wata mata a kan kafaɗa. Bai kalle ni ba.

Aka kira mai gyara daga Sakkwato. Mutumin kirki ne, magidanci, bai yi wa kowa dariya ba. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zuba wa Yaya a hannu, ya kankare kwaltar, ya goge wurin, ya shimfiɗa wani farin ƙyalle mai kama da gashi, ya shafe shi da ruwan gam mai hawa kai, ya sake shimfiɗawa ya sake shafewa. Kafin azahar wurin ya daskare, in ba an nuna maka ba ba za ka gane ba. Ya ga yadda Yaya ke bin hannunsa da ido, sai ya ce masa:

"Baba, ai kai da ganin hannunka ka san aiki. In kana so in koya maka, ba wuya."

Yaya ya tambaye shi, "In an yi wanga, sai yaushe kuma?"

"In ana kiyaye shi, sai a yi shekaru ba a neme ni ba."

"To ka gani," in ji Yaya. "Na gode, ɗana. Allah shi yi albarka."

Babu wanda ya zarge shi. Masu albasa ma da suka zo, ni suka tasa a gaba, kuma daidai ne, ni na hau kututture. Na gaya masa haka, na sake gaya masa. Ya ce ya sani. Amma daga ranar bai ƙara zuwa gaɓa da jaka ba, daga baya ma ya daina zuwa. Ya rame. Mutum ne da bai iya zama a majalisa ba, bai iya noma don daɗi ba, bai iya karɓar abinci daga hannun ƙane ba tare da ya san abin da ya sa a ciki ba. Na ce mu sayi wani tsohon jirgin katako ya riƙa kamun kifi, ya ce in mayar da wahalar da muka rabu da ita don kawai in ba shi abin wasa? Sauran masu jiragen katako a yankin kuma kowa yana da mai gyaransa a gida, waɗanda ba su da shi suna tara kuɗin roba. Bayan ƙaramar salla, wata safiya muna shan kunu, ya durƙusa gaban Inna ya ce yana neman izini zai tafi Yawuri, ya ji har yanzu ana sassaƙa manyan jirage a can, ana neman hannu. Na ajiye ludayi na fara magana, na ce gidan nan nasa ne, jirgin nan da shanunmu ni da shi aka saya, ko bai ɗaga tsinke ba rabonsa yana nan. Inna ta ɗaga mini hannu.

"Ƙyale shi, Garba. Ni na san abin da ni haihwa. In yaz zamna nan, zaman na ka kashe shi."

Ta juya wajensa, har yanzu ba ta kama sunansa ba.

"Tahi. Allah shi tsare. Amma in an ce maka ban da lahiya, kak ka tsaya gama aiki."

Ni na kai shi tasha a Goronyo. A hanya ba mu yi wata magana ba sai ta farashin man mashin. Ya cika wa Inna alkawari, da ciwonta ya yi tsanani ya zo, a hannunsa ta cika. Bayan sadakar bakwai ya koma. Daga nan zuwansa ya ja baya, sai saƙon gaisuwa da busasshen kifi a hannun direbobi. Ku kuka ci kifin, ku kuka yi makaranta da abin da jirgin roba ya tara, kuma ban taɓa cewa sayensa kuskure ne ba. Jirgin ya yi mana shekaru masu yawa, mai gyara bai zo ba sai jefi-jefi. Sai dai ba a sake hura wuta a gaɓarmu ba, kuma ni da nake da baki kamar kasuwa, na rasa wanda zan dawo in ba labarin abin da mata suka ce mini a jirgi, ya saurara, can ya yi murmushi. Na yi kewarsa irin wadda ban san namiji yana yi wa ɗan'uwansa ba.

Da na ji jikina ya fara sanyi, na ce ba zan bari mu tsufa a gari biyu ba. Na shirya na tafi Yawuri da niyyar in taho da shi. Na gyara masa ɗakinsa kafin in tashi, uwarku ta shafe shi da farar ƙasa. Na same shi da hantsi a bakin babban kogi, wurin da ake harhaɗa jirage, ƙarar guduma ta ko'ina. Yana ƙarƙashin wani jirgi da ya ninka Gwaggo sau da yawa, gemunsa fari fat, tafin hannunsa baƙi da kwalta. Ya fito ya rungume ni, muka zauna a kan katako, aka kawo mana fura. Ya tambayi kowa da sunansa, har ku da kuke cewa an kore shi. Na lura ya yi ƙiba, muryarsa ta buɗe, masu aikin wurin suna zuwa suna tambayarsa abu yana nuna musu da yatsa. Na ji daɗi, kuma na fara shakkar zai biyo ni.

Na ce, "Yaya, na zaka in ɗauke ka mu koma gida. Mun tsuhwa. Ɗakinka na nan an gyara, ɗiya na son ganin ka."

Ya riƙa juya ludayi a cikin ƙwarya. Can ya ɗago ya dube ni, irin duban mai fatan a ba shi wata amsa.

"Jirgin hwa? Shina yoyo?"

Na gane abin da yake tambaya. Da na ce masa yana yi, da a ranar zai ɗauki jakarsa ya biyo ni. Amma da ya iso ya kife jirgin ya ƙwanƙwasa, me zan ce masa? Ban taɓa yi masa ƙarya ba, shi ma bai taɓa yi mini ba.

"Ba shi yi, Yaya."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To alhamdu lillahi," ya ce. "Mun yi sayayya."

Ya shanye furarsa, ya raka ni har bakin hanya, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Mota ta tashi ina waiwaye, na ga ya koma ya durƙusa ya shige ƙarƙashin jirgin mutane. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Da damina ta zagayo aka bugo mini waya, kafin in isa har an kai shi makwancinsa.